Ɗan Fari Ba Ya Cikin Lissafi

Direban motar rigakafi ne ya kawo labarin ɗakin shan magani na Lafani. Wata ƙungiya za ta zuba ungozomomin asibiti a ƙauyuka, kowace da abin awon jini da allurar jijjiga. Babu Lafani a ciki, babu Araba. Ubaidullahi, mai kula da katunan marasa lafiya a wurin, ya tambayi dalili. Direba ya ce shi dai abin da ya ji, an duba alƙaluma an ga ciwon bai dami matan wannan yanki ba.

Ubaidu ya koma kan katunansa. Ya san jijjiga. Ciwo ne da ke kama mai ciki in jininta ya hau: ta sandare, ta tauna harshe, wani lokaci ta tafi da abin da ke cikinta. Ya kuma san ya fi kama mai cikin fari. A damina biyu da ya yi yana aiki a nan, ya sha ganin an ɗaure mace da zane a bayan ɗan kabu-kabu, wani ya zauna ya tallafe ta, a nufi Illela ko Ƙonni, duk hanyar da ta fi kyau a ranar. Irin waɗannan ba su tsayawa yankar kati, don haka ko a katunansa babu su.

Matarsa Humaira na da cikin fari. 'Yar Lafani ce, kuma al'ada ta riga ta yanke hukunci: in ciki ya tsufa za ta bar gidansu na Illela ta koma wurin iyayenta goyon ciki, ta haihu a ɗakin uwarta. Watan haihuwar zai faɗo a tsakiyar damina, lokacin da hanya ke zama taɓo, babur ya kafe. Ya taɓa gwada maganar a bar ta kusa da asibiti. Surukinsa ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Mu da munka haihe ta, riƙon ta za ya gagare mu?" Nan maganar ta mutu. Abin da ya rage masa shi ne ungozoma ta zo Lafani kafin lokacin.

Alƙaluman da aka duba ba a ɓoye suke ba. Shekaru uku baya wata cibiyar bincike ta bi gida-gida a ƙaramar hukumar tana tambayar mata haihuwar da suka yi: yaushe, a ina, me ya faru. Da aka gama sai aka cire sunaye, aka ba kowace mace lamba, aka shimfiɗa bayanan a intanet, duk mai so ya sauke ya duba. Ubaidu ya yi karatun ƙididdigar lafiya kafin neman aiki ya dawo da shi gida. Ya ɗauki tsohuwar kwamfutarsa ya je shagon wani mai cajin waya a bakin tasha, inda sabis ke da ƙarfi in wayar ba ta tsallaka ta kama layin Nijar ba, ya sauke su duka.

Ya so ya tarar da ganganci, don ganganci yana da sauƙin nunawa. Bai samu ba. Aiki ne mai tsabta. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: mace za ta yi aure, sai shekara huɗu, biyar, kafin haihuwar farko ta bayyana. Ba mace ɗaya ba, ba goma ba. Kamar matan Illela duka sun haɗa baki sun jira. Shi kuwa bai san amaryar da za ta cika shekara biyu shiru dangin miji ba su fara tsegumi ba. Ya juya abin ta nan, ya juya ta can, ya rufe kwamfuta.

Ranar Juma'a ya biya gidansu gaisuwa. Mahaifiyarsa Tasalla tana tsakar gida da baƙuwa, wata mai sayar da atamfa daga Ƙonni. Ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta. Ta amsa idonta na kan atamfa, kamar kullum. Shi ne ɗanta na fari. Tun da aka yaye shi aka miƙa shi ga kakarsa a Lafani. Kakar yake kira Inna, uwar kuma Yaya, yadda ya ji kawunnansa na kiranta. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. In ya zama dole ta yi zancensa sai ta ce "na Inna". Abin bai taɓa yi masa ciwo ba. Kunyar ɗan fari ce, haka ya ga ana yi wa sa'o'insa, kuma da ita ake yabon mace.

"Hajiya, ɗiya nawa Allah ya ba ki?" in ji baƙuwa. "In san turmin da za ni aje miki na salla."

"Biyar na. Zakari, Sufyanu, Jannat, Abdulaziz, sai auta Shafa'atu."

Baƙuwa ta nuna Ubaidu da haɓa. "Wanga hwa? Ga kama nan har hanci."

"Na Inna na."

Baƙuwa ta gane, ta yi dariya. "To Allah shi raya ma Inna."

Wannan lissafin ya ji shi tun yana yaro, sau babu iyaka. Yau ne ya saurare shi. Tsakaninsa da Zakari shekara uku da 'yan watanni. Duk wanda ya fara ƙirga daga Zakari zai ce Tasalla ta daɗe a gidan miji ba ta haihu ba. Zai kuma ce ba ta taɓa haihuwa a Lafani ba, tunda sauran biyar ɗin a Illela aka haife su. Haihuwar fari ce ake yi a ƙauye, a ɗakin uwa. Ita ce mai jijjiga. Ita ce kuma ba a faɗa.

Ya sha ruwan da ƙanwarsa ta kawo masa, ya yi sallama. Tasalla ta ce wa atamfa a gai da gida.

A ƙasan shafin bayanan akwai adireshi don duk wanda ya ga gyara. Ya rubuta abin da ya gani a taƙaice. Washegari da hantsi wayarsa ta yi ƙara.

"Malam Ubaidullahi? Dokta Safiyyatu ce, ni na jagoranci binciken. Na karanta saƙonka sau biyu. Na biyun a tsaye."

"Allah shi sa ban yi rashin ladabi ba, Dokta."

"Ladabin me? Tazarar nan mun gan ta. Mun ce ko jinkirin tarewa ne, ko ɓari. Muka rubuta haka muka wuce."

"Su wa kunka aika tambaya?"

"'Yan mata daga makarantar koyon jinya. Hausawa ne duka, mun kula da wannan."

"Mace ba ta hwaɗin ɗan hwari gaban sa'arta, Dokta, balle gaban yarinya sa'ar ɗiyarta."

Ya ji tana tura kujera.

"Ni ma 'yar fari ce," in ji ta. "Mahaifiyata tana kiran sunana har da ƙari in na yi laifi. Na ɗauka abin ya wuce ko'ina. To, ai don irin wannan muka buɗe bayanan, mai ɗaki shi ya san inda ke yoyo. Amma ka san zato ba hujja ba ne. Sai an koma wa wasu daga cikin matan, an ga amsar ta canja. In ta canja zan manna gyara a ƙarƙashin bayanan, a shafin da ƙungiyar nan ta karanta. Sharaɗi ɗaya: kowace mace ta yarda da bakinta. Ciwonta ne, ba za mu karɓe shi daga bakin wani a bayan idonta ba."

"Bakin nata shi na matsalar."

"Na sani. Kai ne ɗan gari."

Bayan an tashi aiki ya shiga cikin Lafani wurin kakarsa. Hajiya Ummu tana gindin darbejiya tana tsinkar rama, tabarau ɗaure da zare a bayan kai.

"A'a, maigida. Yau an tuna da uwargida? Ko amarya ta koro ka?"

"Amarya ta hi ki iya miya, shi ya sa."

"Miyar dunƙule. Mu da daddawa munka riƙe maza har sunka mutu ba su kai ƙara ba. Zamna."

Ya zauna ya ja rama yana taya ta. Ya yi mata bayanin ungozomomi, da tambayoyin da aka yi, da matan da suka fara ƙirga daga na biyu. Ta ce to da daga ina za su fara? Ya ce daga na fari. Ta ce ashe masu karatu ma suna da rashin ta ido.

"Inna, lokacin da anka haihe ni, lahiya lau?"

Hannunta ya tsaya a kan rama.

"Wa ya aiko ka?"

"Ba kowa."

Ta nuna ɗakin da ke bayanta, wanda yanzu ake ajiye buhunan gero.

"Nan ciki na. Da hantsi ta ce kanta na sarawa, tana ganin wuta-wuta. Na ce ta kwanta. Ina surhe sai na ji kwano ya hwaɗi. Na iske ta ta sandare, kumhwa da jini ga baki. Munka ce iskoki na, munka yi ta turare, anka yi ta tohi. Kakanka, Allah shi jiƙan shi, shi ya ce a ɗaura amalanke. Ƙonni munka kai ta. Kwana biyu ba ta san wa ke kanta ba. Kai kuwa an hiddo ka awa ɓera, ba wanda ya sa maka rai. Har yau akwai tabo gehen harshenta, in ka lura." Ta dube shi ta saman tabarau. "Ina za ka lura? Ba ta buɗe maka baki."

Ubaidu ya ci gaba da tsinka. Sai da ya ga ganyen na zuba a ƙasa, ba a faifai ba, ya daina.

"Ba wanda ya taɓa hwaɗa min."

"Wa za ya hwaɗa? Ita? Ni ko ba ka tambaye ni ba. Duk gidan da ka gani garin ga, tsohuwar cikinsa na da irin wagga magana. Ɗakunanmu aka haihuwar hwari. Wasu sun tashi, wasu suna bayan gari."

"To ku tsohhi ku ba da labarin, su uwayen su ce sun yarda. Kalma guda."

"Guda ɗin ta a dutse. Wace ta za ta hwara? A ce wance ta zub da kunya don takarda?"

"In Yaya ta hwara hwa?"

Hajiya Ummu ta yi dariya har tabarau ya zame. "In Tasalla ta hwara, sauran na bi. Da ita aka ba amare misali garin ga. Amma kai za ka tambaye ta? Da wane baki?"

"Da naki."

"Ka ji ɗan banza. To kawo kuɗin kabu-kabu, kuma ba ni hawan na yaron nan mai gudu."

Ranar Lahadi suka je su uku, shi da Inna da Humaira, wadda ta ce za ta gaida surukarta. Tasalla na tankaɗe a rumfa. Aka shimfiɗa wa Inna tabarma. Ubaidu ya zauna can bakin zaure, inda ya saba. Inna ta faɗi abin da ya kawo su, ba kwana-kwana.

Tasalla ba ta daina kaɗa rariya ba. "Inna, abin da ya yi shekara talatin, mi aka tone shi? Allah ya rufa asiri, ya wuce."

"Inna," in ji Ubaidu, yana kallon kakarsa, "ki ce ma Yaya ba a sa sunan kowa. Lamba ta kawai."

"Inna, ki ce mashi ko ba a sa suna ba, ni na san ni ta."

"Inna, ki ce mata ƙauyukka na rasa ungozoma don wanga."

"Inna, ki ce mashi da can da ba ungozomar, wa ka rayawa?"

"Kai, ku bar ni," in ji Hajiya Ummu. "Na zama wayar salula? Ga ku ga juna."

Babu wanda ya dubi wani. Rariya ta ci gaba. Ubaidu ya ga maganar ta ƙare, ya fara neman takalminsa da ido.

Humaira ce ta tashi za ta ɗauko wa Inna buta. Tana jan silifas, rabin ƙafa a ciki, diddige a ƙasa. Rariya ta tsaya.

"Ɗiyar ga, zo nan."

Humaira ta zo ta durƙusa da ƙyar.

"Miƙe ƙahwa."

Tasalla ta goge gari a zane, ta danna babban yatsa a ƙaurin yarinyar, ta ɗaga. Ramin ya zauna, bai ciko ba. Ta kama fuskar ta juya ta wajen haske.

"Kai na miki ciwo?"

"Kaɗan-kaɗan."

"Kina ganin wuta-wuta ga ido?"

Humaira ta sunkuyar da kai. "Jiya da shekaranjiya."

Ubaidu ya miƙe tsaye. A ɗaki ɗaya suke kwana, bai sani ba. Ta ce masa zafi ne ke kumbura ƙafar. Cikin fari ne, ita ma da tata kunyar, ba ta ko yarda a ambaci cikin a gabanta.

Tasalla ta wanke hannu a hankali, har tsakanin yatsu. Ta kife rariya a kan ƙwarya. Da ta yi magana, bango take kallo.

"Inna, ki ce ma mai rubutu shi rubuta shida."

Kafin Hajiya Ummu ta amsa, Tasalla ta ci gaba.

"Sauran ke ki hwaɗi. Ke kin gani, ni ban san inda nike ba. Na yarda." Ta shiga ɗaki ta fito da mayafi. "A kai yarinyar ga asibiti yanzu, a auna ta. Ni za ni Lahwani."

"Yin mi?" in ji Inna.

"Gidan su yarinyar ga."

A asibiti aka tarar jinin Humaira ya hau. Aka ba ta magani, aka ce ta riƙa zuwa awo duk mako, kada ta yi nisa.

Abin da Tasalla ta faɗa wa uwar Humaira a ɗaki, babu wanda ya ji. Wata maƙwabciya da ta leƙa aron turmi ta ce ta ga Tasalla ta buɗe baki tana nuna harshe, kamar mai nuna wa boka. Surukin Ubaidu ya yi faɗa na yini ɗaya. Bayan nan uwar Humaira ta ɗaure kayanta ta zo Illela, ta sauka a gidan wanta da ke bayan kasuwa, aka kai mata 'yarta can. Goyon ciki dai aka yi, a hannun uwa, kamar yadda aka gada. Wurin ne kawai ya matsa. Surukin ya riƙa gaya wa mutane a majalisa cewa shawararsa ce.

Dokta Safiyyatu ta zo da kanta, da wasu tsofaffin nas-nas biyu da suka yi ritaya. A kowane gida tsohuwa ke ba da labari, uwa na zaune a gefe da mayafi a fuska. In an gama a tambaye ta ko ta yarda a rubuta. Wasu suka ce tunda Tasalla ta yi. Wasu suka ɗaga kai kawai, Dokta ta ce a sake tambaya sai an ji murya. Wasu suka ƙi, aka yi musu godiya aka fita. Wasu gidajen babu uwar da za a tambaya, sai kaka da jika. Waɗannan ko a binciken farko ba su shiga ba, don wadda za ta amsa ta riga ta tafi. Dokta ta buɗe musu shafi dabam.

Gyaran ya hau intanet a ƙarƙashin bayanan, da bayanin abin da ya faru da yadda ya kamata a riƙa tambaya, da sunan Ubaidu a cikin waɗanda suka gyara. Wani mai bincike daga Maraɗi ya rubuto ya ce ya duba nasu alƙaluman ya ga irin tazarar. Ƙungiyar ta amsa cikin ladabi: an sa Lafani da Araba, a rukuni na biyu, bayan kaka. Ubaidu ya karanta saƙon a shagon mai caji, ana ruwa a waje. Bayan kaka na matan wasu ne. Tasa saura makonni.

Naƙuda ta zo da safe, ranar kasuwa. Daga gidan wan uwar zuwa asibiti tafiyar ƙafa ce, amma a kabu-kabu aka kai ta. Jinin ya hau sosai, aka yi mata allurar kafin komai ya faru. Ubaidu ya tsaya a baranda, inda maza ke tsayawa. Bayan azahar aka ce mace ce, ƙarama, amma tana kuka da ƙarfi.

Da aka bari a shiga, ya tsaya a bakin ƙofa. Humaira na kwance, jaririya na hannun Hajiya Ummu, wadda ke cewa an yi mata kishiya mai kunnuwan ubanta. Uwar Humaira da Tasalla na zaune a benci. Wata nas ta zo da kati da biro.

"Maijego, haihuwa ta nawa?"

Humaira ta ga uwarta, ta ga surukarta, ta juya fuska bango ta ja zane.

Nas ta ɗaga biro tana jira. Aiki na jiranta a wani gadon.

"Ta hwari ta," in ji Tasalla. "Jininta ya hau, an yi mata allura. Rubuta duka."

Nas ta rubuta ta wuce.

Tasalla ta tashi ta gyara mayafi. A bakin ƙofa Ubaidu ya matsa ya ba ta hanya. Ta bi ta gabansa idonta na ƙasa, sai ta waiga wajen mahaifiyarta.

"Inna, ki ce ma naki shi tahi shi ci abinci. Tun sahe shina tsaye."